Daren da fim ya haɗa ni da tsohon ƙasan bene

Duk wanda ya zauna a gidajen bene na Warsaw ya san ƙarfe 10 na dare lokacin shiru ne, har zuwa 6 na safe. Ni ma na sani. Amma abokin karatuna ya dame ni cewa ba zan gane mutanen Poland ba sai na kalli Dzień świra, fim ɗin Marek Koterski na 2002, wanda ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na birnin Gdynia da ke Poland. Sai na dafa shayi, na ɗauko ragowar kilishin da na taho da shi, na kunna.

Marek Kondrat ne ya fito a matsayin Adaś, malamin makaranta ɗan shekara 49. Aure ya mutu, albashi bai taka kara ya karya ba, komai zai yi sai ya ƙirga. Babban ciwonsa maƙwabta: ya zauna zai yi rubutu, wannan ya saki kiɗa, wancan ya tayar da injin yankan ciyawa. Bawan Allah sai zage-zage yake, ni kuwa ina ta ƙyaƙyata dariya.

Can na ji ƙwal! ƙwal! ƙwal! Na ce kai, masu haɗa sautin nan sun iya aiki, kamar a ɗakina ake bugawa. Na ƙara murya don in ji daɗinsa sosai. Bugun ma ya ƙaru. Ashe tsohon da ke ƙasana ne yake dukan bututun ɗumama ɗaki da cokali.

Ba a jima ba sai ga shi a bakin ƙofa, da silifas da rigar barci, gashi a tsaitsaye, yana zuba faɗa ba numfashi. Ina ta "Yi haƙuri, Baba" da guntun yarensu da na iya, ko kallona bai yi ba. Idonsa ya riga ya faɗa kan kwamfuta. Ya yi tsit. Ya ture ni gefe, ya zauna a kujerata, wadda ita kaɗai ce a ɗakin.

Tsohon nan ya haddace fim ɗin kakaf. Kafin Adaś ya buɗe baki ya riga shi, har da nuna allo da yatsa. Da aka zo inda Adaś ya hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku neman sakewa, tsohon ya yi min alama in ƙara murya, wai kunnensa ɗaya ba ya ji. Hannunsa kuma na cikin kilishina, yaji na sa shi hawaye amma bai fasa ba.

Sai matar da ke samanmu ta fara nata bugun. Tsohon ya miƙe, ya ɗauki tsintsiyata mai sanda, ya rama mata a silin.

Da safe na tarar da takardar gargaɗi manne a ƙofar shiga gidan, lambar ɗakina ce kaɗai a jiki. Mutum biyu suka sa hannu: matar sama, da shi.