Ba za a ceci dabbobin dawa da kifin teku ba a bayan idon maharbi da masunci

Kowace shekara, daga ranar 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, doka ta haramta farautar dabbobin dawa a duk faɗin Ghana, in ban da gyazbi, wanda maƙwabtanmu Asantawa suke kira akrantie, shi ma sai ga mai lasisi. Dokar ta samo asali tun 1971, kuma hikimarta a fili take, domin a waɗannan watanni ne yawancin gada da mazo da danginsu suke ɗauke da ciki ko suke shayar da 'ya'ya. Duk da haka, wanda ya bi hanyar Kumasi zuwa Accra a watan Satumba zai ga samari a bakin titi suna ɗaga naman daji suna yi wa motoci tayi, kuma ba gyazbi kaɗai suke ɗagawa ba. A ganina dalilin da ya sa dokar take barci shi ne an rubuta ta a kan maharbi, ba a rubuta ta tare da shi ba, kuma muddin ana ɗaukarsa a matsayin mai laifin da ake jiran kamawa, ba za a sami isassun ma'aikatan gandun daji da za su tsare kowane kurmi ba.

Ya kamata a tuna cewa kafin a kafa Hukumar Gandun Daji, masu farauta da masu su ne suke da dokokin kare abin da suke ci. A ƙasar Hausa akwai Sarkin Baka da Sarkin Ruwa, kuma ba sarautun ado ba ne: su ne suke faɗin ranar da za a shiga daji ko a faɗa ruwa, su ne kuma suke hukunta wanda ya riga jama'a. Har yau a Argungu ba a taɓa kifin Matan Fada sai lokacin bikin kamun kifi, shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai girman da ke ba baƙi mamaki. A nan Ghana ma haka abin yake ta wata fuskar. Masunta Ga da Fante ba sa shiga teku ranar Talata. A tafkin Bosomtwe da ke kusa da mu, al'ada ta sa masunta suna hawa falankin itace suna tuƙi da hannu maimakon manyan jirage, wanda hakan ya daɗe yana taƙaita yawan kifin da mutum ɗaya zai iya kwasa. A Boabeng da Fiema birai suna yawo cikin gari babu mai harbinsu, a Paga kuma kadoji. Mu Musulmi ba mu yarda da aƙidar da ke bayan wasu daga cikin waɗannan hane-hane ba, amma sakamakonsu a kan dabbobin ba ya ɓuya, kuma addininmu ma ya hana kashe rai don wasa ko mayar da shi abin gwada saiti.

Sai dai ba zan yi wa maharbin yau kirarin kakansa ba. Na da yana fita da baka ko da adaka mai ɗurin harbi ɗaya, yana bin sawu tun asuba, yana sanin macen da ke da ciki daga yadda ƙafarta ta nutse a ƙasa. Na yau yana ɗaure tocila a goshi ya shiga da dare, hasken ya daskarar da gada ta tsaya cak, ya harbe ta ba tare da ya san mace ce ko namiji ba. Wani kuma ya warware wayar birkin keke ya ɗana tarko ɗari a layi, ya koma gida, kafin ya zagayo wasu dabbobin sun ruɓe a banza. Akwai masu zuba maganin ƙwarin gona a cikin abin da dabba za ta ci, su kawo wa mutane guba a tukunya. A Arewacin Ghana kuma, da zarar hunturu ya kama, sai ka ga mota cike da matasa da karnuka da kulake, su cinna wa daji wuta don burgu da zomo, wutar ta wuce ta cinye gonar wani. Waɗanda suka ga gobarar daji da yunwar 1983 ba sa bukatar a yi musu bayanin inda wannan ke kaiwa. Doka ta hana farauta da fitila, ta hana farautar gayya, ta hana taɓa dabbar da ke tare da ɗanta, amma wa zai shaida a tsakiyar daji da ƙarfe biyu na dare in ba wani maharbin ba?

Abin da aka fi mantawa da shi a wannan magana shi ne cewa daji da teku a tukunya ɗaya suke haɗuwa. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2004, wanda ya yi amfani da rahotannin sintirin ma'aikatan gandun daji shida na Ghana daga 1970 zuwa 1998, ya nuna cewa yawan manyan dabbobi iri 41 ya ragu da kusan kashi 76 cikin ɗari a tsawon wannan lokaci, kuma a shekarun da kifi ya yi ƙaranci a kasuwa ne farauta ta fi tsananta a gandayen. Lissafin ba shi da wuya. Kifi ne babban naman talakan ƙasar nan, musamman ƙananan nan na banda da ake kira amane, wanda ake loda shi a kwanduna daga Elmina da Tema da Chorkor har ya kai Bawku. Idan ya yi tsada, uwar gida za ta nemi abin da za ta sa a miya, mai bindiga kuma zai amsa kiran. Saboda haka jirgin da ke kwashe kifi a gaɓar Elmina yana da hannu a ɓaunar da aka harbe a gefen gandun dajin Mole, ko da matuƙinsa bai taɓa ganin Damongo, garin da ke kusa da gandun, ba.

Nan ne kuma rashin adalcin yake bayyana. A 2019 gwamnati ta fara rufe teku ga masu kwale-kwale na tsawon wata guda domin kifi ya sami damar hayayyafa, kuma masunta da yawa sun yi biyayya duk da cewa wata guda babu su na nufin wata guda babu kuɗin cefane. Amma sun yi shekara da shekaru suna kallon manyan jiragen da ke jan taru a ƙasan teku suna kama ƙananan kifin da ba rabonsu ba ne, su daskarar da shi, su sayar wa wasu kwale-kwale a tsakiyar ruwa, cinikin da kowa ya sani da sunan saiko. Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi a 2013, ta janye a 2015, ta sake bayarwa a 2021 saboda gazawa wajen hana su na haram. Masuncin da ya ga babba yana karya doka yana wucewa ba zai ga dalilin da zai sa shi ya daina su da fitila ko da nakiya ba, duk da cewa ya fi kowa sanin ɓarnar da suke yi. Kafin a nemi haɗin kan sarkin masunta na unguwar Jamestown da ke Accra, sai ya ga an kama jirgin da ya fi ƙarfinsa an hukunta shi.

A Amurka maharba da masu fatsa suna alfahari da cewa su ne suke ɗaukar nauyin kare dabbobi, kuma suna da hujja: tun 1937 akwai haraji a kan bindigogi da harsasai da ake mayarwa ga hukumomin dabbobin dawa na jihohi, a 1950 kuma aka yi irinsa a kan kayan kamun kifi. Tsarin ya yi aiki a can domin farautarsu ta nishaɗi ce ta masu abin hannu, kuma sayar da naman daji a kasuwa haramun ne. Namu maharbin manomi ne da ke neman kuɗin makarantar yara, sau da yawa ma harsashin da ke bindigarsa bashi ne daga matar da ke sayen naman a Atwemonom, kasuwar naman daji ta Kumasi, wadda za ta cire kuɗinta idan ya kawo kaya. Ɗora masa haraji ba zai tara abin kirki ba. Abin da za a ɗauka daga can shi ne tushen maganar, wato mutum yana kare abin da yake da rabo a cikinsa.

An gwada wannan a ƙasar nan kuma an ga amfaninsa. A Wechiau, a bakin kogin Black Volta, sarakunan yankin da jama'arsu ne suka keɓe kimanin kilomita 40 na kogin domin dorina a ƙarshen shekarun 1990, 'ya'yan garin ne masu sintiri da masu yi wa baƙi jagora, kuɗin da ke shigowa kuma yana komawa ga rijiyoyi da makarantu. Daga 2000 gwamnati ta amince da tsarin da ake kira CREMA, inda ake miƙa wa ƙauyuka ikon kula da dabbobin da ke ƙasarsu a wajen gandayen gwamnati, sabuwar dokar dabbobin dawa da majalisa ta zartar a 2023 kuma ta ba tsarin gindin zama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohon maharbi ya san mashayar da gwanki ke zuwa da rani, ya san sawun baƙon da ya shigo da babur, ya san a gidan wa ake banda da dare, ilimin da ma'aikacin da aka turo daga Accra zai yi shekaru bai samu ba. Matsalar ita ce yawancin waɗannan ƙungiyoyi da kuɗin masu ba da tallafi daga waje suke numfashi, in aikin ya ƙare sai sintiri ya tsaya.

Mu mutanen Zango muna iya cewa wannan ba ruwanmu, tunda yawancinmu ba ma cin naman da ba a yanka ba. Ba haka ba ne. A leƙa shimfiɗar masu maganin gargajiya a kasuwanninmu, a ga kan ungulu da busasshiyar hawainiya da guntun fatar damisa da ƙayar beguwa an jera su kusa da saiwoyi. Ungulun da a da suke cika kwata da bola yanzu tun 2015 suna cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma cinikin sassan jikinsu yana cikin dalilan. Malamanmu suna da abin faɗi a kan wannan a huɗubar Juma'a, sarakunan Zango kuma suna da iko a kan 'yan kasuwar da ke ƙarƙashinsu.

Abin da nake ganin ya dace Sashen Kula da Dabbobin Dawa ya fara da shi shi ne yi wa maharba rajista ta hannun shugabanninsu a kowace gunduma, a sauƙaƙa karɓar lasisi yadda manomi ba zai kashe kuɗin mota fiye da kuɗin takardar ba, a kuma bar wani kaso na kuɗin da na tara a hannun ƙungiyar domin biyan 'ya'yanta masu sintiri daga Agusta zuwa Disamba. Matan Atwemonom su ma a zauna da su, domin mai ba da bashin harsashi ita ce take iya cewa maharbi kada ya kawo mata mai ciki, kuma zai ji maganarta fiye da ta kowane jami'i.