Tsutsa mai ƙwayoyin jijiya 302 da ilimin da muke rainawa

'Yan uwa Hausawan Legas, akwai ɗabi'ar da take damuna a tsakaninmu. Yaro ya ce zai karanta likitanci ko injiniya, kowa sai sam barka. Amma ya ce zai zauna a ɗakin bincike yana nazarin halittar da sai da madubin likita ake ganinta sosai, nan take a fara yi masa kallon wanda ya rasa abin yi. Ni malamin ilimin halittu ne a sakandare, kuma ina ganin wannan raini yana jawo mana asara babba.

Akwai wata 'yar tsutsa da ake kira C. elegans. Tsawonta bai wuce milimita 1 ba, tana rayuwa cikin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da ganyaye, abincinta bakteriya. Jikinta garai-garai yake, ana hango duk abin da ke ciki tana raye, kuma daga ƙwai zuwa balaga kamar kwana 3 ne. Sydney Brenner, haifaffen Afirka ta Kudu, shi ya zaɓe ta a shekarun 1960 a Kambirij ta Ingila domin ya gano yadda ƙwayoyin gado, wato umarnin gina jiki da ake gada daga iyaye, ke gina jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki.

Sai John Sulston ya yi aikin da har yau yake ba ni mamaki. Ya zauna gaban madubi sa'o'i da yawa a kullum yana kallon ƙwayar halitta tana rabuwa biyu, biyun su zama huɗu, yana zanawa da hannu. A 1977 shi da Robert Horvitz suka fitar da salsalar ƙwayoyin da ke samuwa bayan ƙyanƙyashewa, a 1983 ya kammala na cikin ƙwai. Baligar tsutsar, irin wadda ke haihuwa da kanta, tana da ƙwayoyin jiki 959, a cikinsu 302 na jijiya ne. Tana fitowa daga ƙwai da 222, sauran 80 suna zuwa daga baya. Kowace tsutsa haka take, kowace ƙwaya a mazauninta, an san uwarta, an san kakarta.

To ga tambayar da ta fi komai daɗi a wurina. Duk ƙwayoyin nan gado ɗaya suke ɗauke da shi. Me ya sa ɗaya za ta zama jijiya, 'yar uwarta ta zama fata? Amsar tana zuwa mataki-mataki. Akwai ƙwayar gado mai suna lin-32 da ke ɗora wasu ƙwayoyi a kan hanyar zama jijiya. Idan ta lalace, ƙwayoyin da ya kamata su zama jijiyoyin wutsiyar namijin tsutsar sai su ɓuge da zama fata. Daga nan kuma sai a tantance wace irin jijiya, domin waɗannan 302 sun kasu wajen iri 118. Ƙwayoyi 6 ne ke jin taɓawa mai laushi, kuma ba sa samun wannan baiwa sai ƙwayoyin gado unc-86 da mec-3 sun haɗu sun kunna musu kayan aikinsu. Martin Chalfie ya gano masu naƙasa a wannan fanni da gashin gira guda da aka manna a tsinken sakace. A shafi tsutsar da shi a gaba, mai lafiya ta ja da baya, a shafe ta a baya ta ƙara sauri, wadda gadonta ya lalace kuwa ko gezau. Haka ƙwayoyi 2 da ke ɗanɗana gishiri sun dogara da che-1. Oliver Hobert na Jami'ar Kolombiya ya nuna cewa irin waɗannan ƙwayoyin gado ba sa gama aiki su tafi. Kamar mai shago ne a Agege, ba buɗewa kawai zai yi da safe ba, sai ya tsaya a kai, in ya ɗaga ciniki ya watse. Idan aka kashe che-1 bayan tsutsar ta girma, jijiyar tana nan a wurinta amma ta daina zama mai ɗanɗano.

Akwai kuma ƙwayoyi 131 da ake haifa domin su mutu, yawancinsu daga zuriyar jijiya. Horvitz ya gano ƙwayoyin gado ced-3 da ced-4 da ke zartar da mutuwar, da ced-9 da ke hana ta. Takwarar ced-9 a jikin mutum ita ce Bcl-2, wadda idan aikinta ya wuce kima take hana ƙwayoyin cutar daji mutuwa. Takwarar lin-32 ana buƙatarta wajen gina ƙwayoyin ji na cikin kunne, kuma lalacewar wata takwarar unc-86 tana jawo kurumta ta gado a wasu iyalai. Duk mai tunani ya ga wannan tsari sai ya ce tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Wani dattijo maƙwabcina a Idi-Araba, wanda 'yarsa ta gama digiri tana son ci gaba da bincike, ya taɓa tare ni bayan Magariba ya ce, "Malam, fisabilillahi, tsutsa ce za ta ciyar da ita?" Ban ga laifinsa ba, domin da guminsa ya biya mata kuɗin makaranta, kuma kowa ya san tsadar haya da abinci a garin nan. Na ce, "Alhaji, kun san maganin nan Mectizan da ake rabawa kyauta a ƙauyukanmu saboda makantar da baƙin ƙuda ke jawowa?" Ya ce ya sani sarai. Na ce masa maganin yana shanye tsutsar da ƙudan ke sakawa a jikin mutum ne ta hanyar jijiyoyinta da tsokarta, kuma ƙofar da yake bi ya yi wannan aiki a jikin C. elegans aka gano ta, a 1994. Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen fama da wannan cuta. Ranar da tsutsotsin suka fara jure maganin, wa muke so ya zauna ya gano dalili in ba 'ya'yanmu ba?

An ba da lambar yabo ta Nobel a 2002 da 2006 da 2008 da 2024 kan ayyukan da wannan tsutsa take cikinsu dumu-dumu. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne sauƙinta. A ɗan faranti ake kiwonta, guda ɗaya tana haifar kimanin 300, ana daskarar da ita a ajiye shekaru, a narkar ta farfaɗo. Matsalar da za mu fuskanta a nan ita ce zafi, domin ta fi son digiri 15 zuwa 25, yanayin Legas kuwa yakan haura haka. Ke nan sai da akwatin sanyaya da wutar da ba ta yankewa.

Wannan bai fi ƙarfin attajiranmu na Mile 12 da Agege da Obalende ba. Kuna gina masallatai, kuna biya wa mutane aikin Hajji, Allah ya saka da alheri. Ina roƙon ku ƙara da wannan. Jami'ar Legas tana Akoka, Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa tana Yaba, duk tafiyar mota ɗaya ko biyu ce daga unguwanninmu. Mutum ɗaya zai iya ɗaukar nauyin ɗalibi guda na shekara 2, wani ya sayi madubi mai kyau, wani ya ɗora sola a kan rufin ɗakin bincike. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa su sa maganar a taronsu na gaba, su gayyaci ɗalibanmu masu karanta ilimin halittu su zo su faɗi abin da suke buƙata da bakinsu.