Teku ya ci Bar Beach, mu a Kano wa ya ci filayenmu?

Bar Beach dai ta zama tarihi. Wanda ya shigo Legas cikin 'yan shekarun nan, ya bi titin Ahmadu Bello a Victoria Island yana neman bakin tekun da ya sha jin labari, abin da zai tarar shi ne shinge da ƙofa da masu gadi, can bayansu kuma dogayen benayen Eko Atlantic, sabon birnin da aka gina inda aka cike teku. A da nan ne talakan Legas yake zuwa shan iska ba tare da an tambaye shi sisi ba. Ranar sallah Hausawan Agege da Obalende da Idi Araba su cika motoci da yara, a shimfiɗa tabarma a kan rairayi, ga mai tsire, ga masu ba da hayar doki, ga masu fararen riguna na coci suna addu'arsu gefe guda. Wurin na kowa ne, har gwamnatin soja ma nan ta zaɓa lokacin da take son jama'a su ga harbin 'yan fashi, irin su Ishola Oyenusi a 1971.

Mutane sukan ce teku ne ya cinye ta, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba haka kawai tekun ya tashi ba. Igiyar ruwa a wannan gaɓar tana tafiya da yashi ne daga yamma zuwa gabas. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Turawan mulkin mallaka suka gina katangun duwatsu masu shiga cikin teku a bakin mashigar tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Sai yashin ya riƙa taruwa ta yamma, ɓangaren gabas kuwa, inda Bar Beach take, ruwa yana kwashewa ba abin da ke mayewa. Gwamnatoci sun shekara da shekaru suna zuba yashi, teku yana kwashe abinsa, har ta kai ruwa yana haurowa kan titi yana shiga harabar gidajen da ke layin.

Ana cikin haka aka kawo magani. Wajajen 2008 kamfanin South Energyx ya fara cike tekun da yashin da jirage ke yasowa daga can ciki, aka tare igiyar ruwa da katangar duwatsu da manyan curin kankare mai tsawon kilomita da dama. Ba zan ce katangar ba ta yi aiki ba. Victoria Island ta samu sauƙi ƙwarai. Amma ƙasar da aka ƙwato daga teku ba ta koma hannun waɗanda suka rasa ta ba. Ta zama fuloti na sayarwa da dala. A Agustan 2012 igiyar ruwa ta afka wa Kuramo, maƙwabciyar wurin, mutane suka mutu, aka tashi waɗanda suka rage. Mazauna ƙauyukan gabas irin su Okun Alfa suna kukan cewa zaizayar ta koma kansu, masu aikin suna musantawa. Yau in kana son ɗanka ya taka ruwan teku a wurare irin su Elegushi, sai ka biya kuɗin ƙofa kai da shi, ka biya na ajiye mota, in za ka zauna a inuwa ka sake biya. Magidanci mai 'ya'ya shida ya yi wannan lissafi ya gani.

Abin da ya sa nake wannan dogon bayani shi ne, mu a Kano ba mu da teku, amma duk zuwan da na yi gida sai in ga labarin nan ne ake maimaitawa.

Ɗauki kududdufai. Ba kawai ramuka ba ne da suka faɗo daga sama. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen birni da ita kanta ganuwa, sa'annan suka zama ma'ajiyar ruwan sama. In aka sheƙa ruwa a Agusta, kwatocin unguwa su zube a cikinsu, gidaje su tsira. A bakinsu ake wanki, ake shayar da dabbobi, ake kamun tarwaɗa, da rani kuma inda ya janye yara su kafa raga. Wanda ya san titin BUK shekaru talatin baya, ya san yadda Hauren Shanu da Hauren Wanki suke, to ya je ya duba yanzu.

Na ga yadda ake kashe kududdufi da idona, a bayan gidanmu. Ba rana ɗaya ake yi ba. Da farko motar kwasar shara ta daina shigowa unguwa, almajirai masu zubar da shara suka ga wuri mafi kusa. Leda ta rufe ruwan, ya yi kore, ya fara ɗoyi, sauro ya hana barci. Ana nan sai wani yaro ya faɗa ciki, aka tsamo gawarsa. Daga ranar duk unguwa ta tsani wurin. Don haka da tifofi suka fara zuwa da daddare suna juye ɓaraguzai, ba wanda ya ɗaga murya. Na tambayi kawuna ko sun kai ƙara wajen mai unguwa, sai ya ce, "Ɗana, ƙarar me? Ai Allah ne ya raba mu da masifa." Bayan damina ɗaya aka kafa fegi, aka zuba harsashi, yau jerin shaguna ne. Damina ta gaba ruwa ya shiga ɗakin kawu har gwiwa, domin inda ya saba zuwa an toshe.

Ban ga laifin kawu ba, kuma nan ne abin yake yi mini ciwo. Wurin jama'a ba a ƙwace shi yana da kyau, don mutane za su tashi. Sakinsa ake yi ya lalace, har masu shi su gaji su roƙi a raba su da shi, sa'annan mai kuɗi ya zo a matsayin mai ceto. A Legas igiyar ruwa ce ta yi aikin lalatawar. A Kano sakacinmu da na hukuma ne ya yi, ba mu da tekun da za mu ɗora wa.

Haka badala ta tafi. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tsakanin 1095 da 1134, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, wadda aka sa a jerin wucin gadi na kayan tarihin duniya na UNESCO a 2007, an bar ta ta zama makewayi da maɓoyar 'yan daba, masu gini suna yagar ƙasarta. Da ta zama abin kunya sai aka yanka gefenta. Filin Idi na Ƙofar Mata aka zagaye shi da shaguna. A Kantin Kwari aka yi gini a kan hanyoyin ruwa, ambaliyar 2022 ta shiga ta jiƙa atamfofi da shaddodin mutane, 'yan kasuwa da yawa suka durƙushe.

Na san za a ce ai an yi rusau. An yi, a Yunin 2023, a Filin Sukuwa da Otal ɗin Daula da filin Idi. Na kuma san wannan magana ta zama ta jam'iyya, kowa da inda yake kallo. Ni abin da ya dame ni daban ne. Waɗanda aka rushe wa shaguna a filin Idi da takardun gwamnati a hannunsu suka saya, shi ya sa kotu ta ce a biya su diyya. Wato jama'a sun yi asarar filin da aka sayar, sun kuma biya kuɗin rushewa, sun biya diyya daga baitulmali. Kuma filin da aka share aka bari haka, ba bishiya ba fitila ba mai kula, ya koma matakin farko ne, yana jiran gwamnati ta gaba ta ce ya zama bola a raba shi.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 cewa ta yi gwamna yana riƙe da ƙasar jiha ne amana don amfanin jama'a. Ina son Majalisar Dokokin Kano ta mayar da wannan amana rubutacciya: a ƙirga kududdufan da suka rage da sauran badala da filayen makarantu da maƙabartu, a auna iyakarsu, a buga sunayensu inda kowa zai gani, a haramta wa kowane gwamna da hukumar tsara birane ta KNUPDA ba da takarda a kansu. Sa'annan a ware kuɗin yashe su da kwashe shara duk shekara kafin damina, a gina musu ɗan shinge saboda yara. Mutanen unguwa kuma, in kuka ga tifar farko ta juye ɓaraguzai a bakin kududdufinku, ku ɗauki lambarta ku tafi wajen mai unguwa da dagaci tun a ranar, kada ku jira sai an kafa fegi.