Aman bayan tiyata ba dole ba ne

A gida, idan mutum ya farfaɗo daga tiyata ya kama amai, mai jinya za ta miƙo roba ta ce, "Sannu, maganin barcin ne ke fita." Haka muka saba ɗaukarsa, tamkar wajibi. Duk wanda ya ga matar da aka yi wa aikin haihuwa ta dafe ɗinkinta da hannu biyu tana yunƙurin amai, hawaye na zuba, ya san wannan azaba ce.

Nan Ingila, tun kafin a shiga da kai likitan sa barci zai tambaye ka: kana amai a mota? An taɓa yi maka aiki ka yi amai? Kana shan taba? Tambayoyin daga ma'aunin Apfel na 1999 suke, wanda ake auna haɗarin amai bayan tiyata da shi. Macen da ba ta shan taba, mai aman mota, wadda kuma za a ba ta maganin kashe zafi irin morphine, haɗarinta yana kaiwa kashi 80 cikin 100, don haka ake haɗa mata magani biyu ko fiye tun tana kan gadon tiyata.

Abin da ya fi damuna shi ne gado, wato abin da jiki ya gada daga iyaye. Ondansetron, allurar da aka fi yi don hana amai, wani sinadarin hanta mai suna CYP2D6 yana cikin masu narkar da ita. Wasu sun gaji ƙwayar wannan sinadari ninki biyu ko fiye, sai jikinsu ya cinye maganin kafin ya yi aiki. A arewacin Turai irin waɗannan ba su wuce kashi 1 zuwa 2 ba. A Habasha bincike ya samu kusan kashi 29. A Afirka ta Yamma kuma akwai nau'in da ke rage wa sinadarin ƙarfi. Amma yawancin binciken ƙwayoyin gado a kan Turawa aka yi shi, mu kuma muna karɓar magani bisa awon jikinsu.

Ko a nan ba kowa ake yi wa gwajin gado kafin tiyata ba, kuma ba na cewa asibitin karkara ya fara shi gobe. Roƙona ga likitocinmu ƙarami ne: idan mara lafiya ya ce allurar ba ta yi masa komai ba, ku yarda da shi. Kada a maimaita masa ita nan take, a sauya masa wani maganin daga wani rukuni. Dexamethasone ma ba ta da tsada, ana iya ba shi tun farkon aikin.