A bar injin Shay da wutarsa, kada a mai da shi kayan kallo

A garin Cass na jihar West Virginia a Amurka, har yanzu ana hura wuta a injin jirgin ƙasa mai tururi da aka ƙera a 1905, wato Shay mai lamba 5, yana hawa dutsen da a da yake sauko da gumagumai daga kansa. Akwai masu ganin tsohon ƙarfe irin wannan ya kamata a shafe shi da fenti a killace a rumfa. Ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin ƙirar injin.

Layin masu saran daji na wucin gadi ne. Ƙarfen dogo mara nauyi, tsakuwa kaɗan ko babu, kwana mai tsanani, hawa mai tsayi. Da itace ya ƙare sai a tuge layin a yi gaba. Kan jirgi na yau da kullum, mai manyan ƙafafu a jere cikin firam ɗaya, ba ya iya shan irin wannan kwana, kuma bugun fistin ɗinsa yana wargaza dogon. Ephraim Shay, ɗan kasuwar katako a Michigan, ya yi rajistar mafitarsa a 1881, kamfanin Lima na Ohio kuma ya ƙera kimanin 2,770 zuwa 1945.

Dabarar ita ce giya, wato ƙarafa masu haƙora da ke cizon juna. Silinda biyu ko uku suna tsaye a gefen dama, shi ya sa aka jirkita tukunyar tururi zuwa hagu don nauyi ya daidaita. Su ke juya wani dogon ƙarfe da ya bi gefen jirgin, mai gaɓoɓi da ke lanƙwasa da wasu da ke zamewa ciki da waje, kamar farfelar babbar mota. Ƙananan giya a jikinsa suna cizon manyan giya da ke fuskar ƙafafun. Saboda haka kowace ƙafa tana ja, har waɗanda ke ƙarƙashin tankin ruwa, nauyin jirgin gaba ɗaya ya zama riƙo a kan dogo. Gudu kam babu, da wuya ya wuce kilomita 25 a awa, amma a Cass yana hawa inda layi ke tashi kamu 11 a cikin kowane kamu 100.

Abokan gasarsa, Climax da Heisler na Pennsylvania, sun bi da ƙarfen juyin ta tsakiya, ƙarƙashin tukunya. Shay ya fi su kasuwa, kuma wani babban dalili shi ne bakanike yana tsaye a gefe yake ganin komai, ba sai ya kwanta a ƙasa ba.

Wannan sauƙin yana da tsada. Giyar tana fili, yashi da ƙura suna cakuɗa da giris su riƙa cin haƙora. In gaɓa mai zamewa ta bushe, tana ƙagewa a kwana. Amma hatsarin da ke kisa yana cikin tukunya. Farantin da ke saman murhu dole ruwa ya rufe shi kullum. A hawa, idan gaban jirgi na sama, ruwa yana taruwa a baya, gilashin awo ya nuna a cike. Da an fara gangara sai ya kwarara gaba, farantin ya tsiraita, ya yi ja, ya lotsa. A 1995 farantin wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ya faɗa a kusa da garin Gettysburg na jihar Pennsylvania saboda ƙarancin ruwa, ma'aikata 3 suka ƙone. Ba Shay ba ne, amma darasin ɗaya ne: bincike ya gano dattin ruwa ya toshe hanyar gilashin, ga kuma ƙarancin horo. Dokar Amurka ta yanzu ta ce a wanke tukunya duk bayan kwana 31 na aiki, a gwada ta da matsin ruwa kowace shekara, sannan a zare bututanta a auna kaurin ƙarfe bayan kwana 1,472 na aiki ko shekara 15.

Kuɗi ne mai yawa, ban musa ba. Gaskiya ne kuma duk giyar da aka sauya tana rage kayan asali. Sai dai ko a zamanin aikinsu ana sauya giya da bututu, don kaya ne masu cinyewa. Abin da ba a iya sayowa shi ne hannun mai zuba kwal da ya san ya ƙara ruwa tun kafin a kai ƙololuwar hawa, da kunnen direban da ke gane sassautacciyar giya daga ƙararta. Wannan sani ba a koyonsa a kan injin da ya huce.

Sharaɗina ɗaya ne ga masu tafiyar da waɗannan layuka: su faɗa wa fasinja abin da injin ya yi. Tsakanin 1880 da 1920 an kusa share tsohon dajin West Virginia baki ɗaya, tartsatsin bututun jirage ya kunna gobara a busassun rassan da aka bari, ruwan sama ya kwashe ƙasa. Masana'antar katako ta Cass ta rufe a 1960, aka fara ɗaukar fasinja a 1963, kuma yawancin itatuwan da suke gani ta taga sabon toho ne.