Maƙabartar jama'a ba gadon gidan kowa ba ce

Tun shekaranjiya nake danne zuciyata a kan maganar katangar nan da wasu iyali suka kewaye kabarin mahaifinsu da ita a maƙabarta, kwamitin maƙabartar ya rushe ta, amma abin da na karanta daren jiya a ƙarƙashin bidiyon lamarin da aka ɗora a Facebook ya hana ni yin shiru. Kun dai gani. Mutum ya tsaya a kan ɓaraguzan bulo da fasassun tayil yana cewa an wulaƙanta mahaifinsa, jama'a kuma suka yi caa a kan kwamitin maƙabarta. Wannan ya ce marasa imani, wancan ya ce Allah ya isa. Ko mutum ɗaya bai tsaya ya tambayi faɗin wurin da katangar ta ci ba. To ni na san wurin, domin mahaifiyata tana kwance layi huɗu daga nan. Filin kabari uku katangar ta haɗiye, da rabin hanyar da ake bi da makara. Gawa ɗaya ce a ciki. Sauran biyun ajiya aka yi wa waɗanda suke raye.

Kwamitin ya yi daidai. Da ni ne ma, da tun ranar da aka sauke yashi da siminti a bakin ƙofa zan hana a shiga da su.

Jama'a, maƙabartar jama'a ba gadon gidan kowa ba ce. Fili ne da aka keɓe, ko dai wani bawan Allah ya yi waƙafinsa ko hukuma ta ware shi, domin duk wanda ya mutu ya samu inda za a rufa masa asiri. Rabonka a cikinta shi ne tsawon gawarka da faɗinta, shi ma sai ranar da aka ɗauko ka. Duk taku ɗaya da ka ƙara a kan wannan, daga rabon wani ka yanko, kuma wanin nan ba zai iya tashi ya kai ƙararka ba. Wataƙila ma yanzu yana raye, yana cikin masu tausaya maka a Facebook, bai san makwancinsa ka killace ba.

Wani ya rubuta wai ai da kuɗinsu suka gina. Kuɗinsu ya sayi bulo da siminti. Ƙasar da suka ɗora su a kai fa, wa ya sayar musu?

Sai masu cewa wannan tsaurin ra'ayin wani ɓangare ne na malamai. 'Yan'uwa, ku daina jefa kowace magana cikin rigimar ɓangaranci don ku tsere wa hujja. Hadisin Jabir, Allah ya yarda da shi, yana cikin Sahihu Muslim: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a shafe kabari da farar ƙasa, ya hana a zauna a kansa, ya hana a yi gini a kansa. A littafin dai, Sayyidina Ali ya aiki Abul Hayyaj da umarnin kada ya bar kabarin da aka ɗaga sama face ya daidaita shi, ya kuma ce masa irin aiken da Annabi ya yi masa ke nan. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda da yawanmu muka fara fiƙihu da ita, ta ce an karhanta gini a kan kaburbura da shafe su. Imamu Shafi'i, wanda ya rasu shekara ta 204 bayan hijira, ya faɗa cewa ya ga shugabanni a Makka suna rushe abin da aka gina a kan kaburbura, kuma bai ga malaman fiƙihu sun aibata hakan ba. Malaman da suka sassauta a kan gini a filin da mutum ya mallaka ma, idan aka zo kan maƙabartar waƙafi sai su tsananta, dalilinsu kuwa shi ne abin da nake ta nanatawa: ƙuntata wa sauran mutane ne.

Na ga wani ya kawo ƙissar Usman bin Maz'un, kuma na ji daɗi da ya kawo ta. Gaskiya ne, da aka binne shi a Baƙi'a, Annabi da kansa ya naɗe hannun riga ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa, ya ce da shi zai gane kabarin ɗan'uwansa, ya kuma binne waɗanda suka rasu daga iyalinsa kusa da shi. To madalla. Sanya alama halal ne, son a kwanta kusa da dangi ma abu ne mai kyau idan lokaci ya yi kuma akwai wuri. Amma ku duba abin da aka ajiye: dutse guda. Wanda ya fi kowa iko da Madina bai ja katanga ya ce nan na gidana ne ba. Dokar maƙabartar nan ma ba ta hana alama ba. Ta ce ƙaramin allo ko dutse a wajen kai, tudun kabari kamar ɗani guda, ba shinge, ba daɓen siminti, ba dasa bishiya sai inda aka ware. A ina wulaƙancin yake?

Kada ma a ɗauka Musulmi kaɗai ne suka iso ga wannan. A lokacin yaƙin duniya na ɗaya, hukumar da Ingila ta kafa a 1917 don kula da kaburburan sojoji ta yanke cewa janar da kurtu dutse iri ɗaya za a kafa musu, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya. Iyalai masu hali sun yi ta ƙorafi, suna so su gina wa 'ya'yansu abin da ransu yake so, har maganar ta kai majalisar dokoki a 1920, aka kuma bar dokar yadda take. Su ma iyaye ne da suka rasa 'ya'ya, zafin da suke ji bai gaza na kowa ba, amma aka ce musu a'a.

Abin da masu zagin nan ba sa lissafawa shi ne ƙasa ba ta haihuwa. Gari yana faɗaɗa, mutane suna ƙaruwa, maƙabarta tana nan yadda aka auna ta. Ba ko'ina ake kafa sabuwa ba kuma. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1998 ta ce a nisanta kaburbura da rijiyar da ake shan ruwanta da aƙalla mita 250, kuma kada ƙasan kabari ya kusanci ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Je ka nemo irin wannan fili kusa da babban gari ka gani. A Singafo, tun 1998 shekara 15 kawai ake ba wa kabari, daga nan a tono abin da ya rage, waɗanda addininsu ya wajabta binnewa a sake rufe su a ɗan ƙaramin wuri. A Faris, tsohuwar maƙabartar tsakiyar birni ta cika ta batse har bangon ɗakin ƙasa na wani gida da ke maƙwabtaka da ita ya rufta saboda nauyin gawawwaki, aka rufe ta a 1780, daga baya aka kwashe ƙasusuwan zuwa ramukan ƙarƙashin birnin. Sai a 1804 suka yi dokar da ta ƙayyade zurfin kabari da faɗinsa da tazarar da za a bari tsakanin biyu. Sun koyi darasin ne bayan abu ya lalace. Mu da aka gaya mana cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, ya kamata mu fi kowa tsoron ranar da mai haƙa zai sa diga ya ci karo da ƙashin wani don babu sauran wuri. Kowace katanga irin wannan tana matso da ranar kusa.

Ban manta da zafin rashin uba ba, wallahi. Na san abin da ke sa mutum ya so ya yi wa kabarin mahaifinsa wani abu da hannunsa, domin ya ga kamar duk abin da ya rage masa ke nan. Na tsaya a wannan matsayin. Shekarar da mahaifiyata ta rasu, da damina ta kankama, na je ziyara na tarar gefen kabarinta ya zabge. Wani ya daɓe kabarin da ke sama da nata da siminti, ruwan da ya kamata ƙasa ta shanye sai ya riƙa gangarowa gaba ɗaya a kanta. Da hannuna na cike ramin ina hawaye. Mutumin da ya yi daɓen bai san ni ba, bai nufe ni da sharri ba, ƙaunar nasa mamacin ce ta sa shi. Amma ƙaunarsa a kan uwata ta sauka. Shi ya sa idan na ji ana cewa "ina ruwan wani da abin da na yi wa kabarin ubana", sai in ji kamar in kama hannun mai maganar in kai shi ya gani.

Haka bishiyar da kake dasawa don inuwa, saiwarta ba ta san iyakar kabarin babanka ba. Haka shingen ƙarfen da yake hana masu nome ciyawa wucewa, har ciyawar ta yi tsawo ta bushe, wani ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ya cinna mata wuta a kan bayin Allah. Haka toshe hanya, wanda yake tilasta wa masu ɗauke da makara su taka kaburbura, alhali an ce mutum ya zauna a kan garwashi ya ƙone tufarsa har fatarsa ya fi masa alheri da ya zauna a kan kabari.

Wai ba a ba su sanarwa ba. Dokar tana rubuce a allo a bakin ƙofa, ta gabansa aka wuce da buhunan siminti. Wai akwai wasu gine-ginen da ba a taɓa ba. To a taɓa su, duka, har na masu faɗa a ji, kuma a nan zan tsaya tare da duk mai wannan ƙorafi. Laifin wani dai bai taɓa halatta naka ba.

Wani abin ma da ya fi ci mini rai, a cikin ɗaruruwan da suka yi sharhi, ban ga wanda ya ambaci dattijon nan mai haƙa kabari ba, wanda ya bayyana a ƙarshen bidiyon yana kwashe ɓaraguzan da kwanon sarki shi kaɗai. Shi ne ake tasa da tsakar dare idan an yi rasuwa. Shi ne ya san layin kowa da ka, domin littafin rajistar ya jiƙe tun bara ba a sake wani ba, ranar da ya kwanta dama kuwa rabin kaburburan nan sun ɓace mana. Da na je makon jiya, ƙotar digarsa da waya aka ɗaure ta, shebur biyu ne suka rage masu amfani, tocilan ɗinsa kuma sai ya bubbuga take kamawa. Na tambaye shi abin da ya fi buƙata, ya ce baro da takalmin roba kafin ruwa ya sauka. Na kai masa takalmin. Baron ne har yanzu babu.