Ba Duk Wanda Ya Bi Sarkin Ingila Ne Maci Amana Ba

Duk ranar 4 ga Yuli Amurkawa kan yi bikin 'yancin da suka ƙwata daga hannun Ingila, amma da wuya ka ji an ambaci mutanen da suka tsaya wa Sarki George na Uku har ƙarshe. Ni kuwa labarinsu ya fi tsaya mini a rai.

Sun ɗanɗana kuɗarsu. An ƙwace musu gonaki, wasu aka shafe su da kwalta, aka manna musu gashin tsuntsu, aka zaga gari da su. Rigimar har ɗa da uba ta raba: William Franklin, gwamnan New Jersey, ɗan Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin, ne na cikinsa, ya ƙi bin mahaifinsa, aka ɗaure shi a Connecticut, ya ƙare rayuwarsa a Landan. Da aka gama yaƙi a 1783, kusan mutum 60,000 suka bar ƙasar.

To, bayi fa? A nan ne nake cewa a yi adalci. A Nuwamba 1775 gwamnan Virginia, Lord Dunmore, ya yi shelar cewa duk bawan da ya gudo daga hannun ɗan tawaye ya shiga rundunar sarki ya 'yantu. Jama'a, ubangidanka yana ihun 'yanci, kai kuma kana gonar tabarsa, gobe zai iya sayar da 'ya'yanka a gabanka. Wa za ka bi? Harry Washington, bawan George Washington, jagoran sojojin Amurka, ne, ya gudu ya koma wajen Turawan Ingila. Bayan yaƙi George Washington ya nemi a dawo da bayin da suka tsere, kwamandan sojojin Ingila Janar Guy Carleton ya ce ba zai saɓa alkawari ba. Aka rubuta sunayen baƙaƙe kusan 3,000, jiragen ruwa suka kwashe su daga New York, akasarinsu zuwa Nova Scotia da ke Kanada ta yau.

Kada a ɗauka wanke Ingila nake yi. Filayen da aka yi musu alkawari, wasu sun jira shekaru ba su gani ba, wasu aka ba su fako mai duwatsu ga sanyi. A 1784 tsofaffin sojoji farare suka far wa gidajensu a garin Shelburne na Nova Scotia. Da tura ta kai bango, kusan 1,200 suka shiga jirgi daga Halifax a 1792, suka sauka Saliyo suka kafa Freetown. Harry Washington na cikinsu. A 1800 kamfanin Turawan da ke mulkin garin ya matsa musu da harajin fili, shi ma ya shiga sahun masu bore, aka kama shi aka kore shi daga garin.